Duwatsun kwalba suna tsagewa bayan sun huce, daga ina matsalar take?

Ƙanwar Magina (Ringim):

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka san aikin dutsen kwalba, irin wanda ake daka kwalba a zuba garin a tandar yumɓu a gasa, a duba mana inda muke kuskure. Duwatsun suna fitowa daga wuta lafiya ƙalau, amma kafin gari ya waye kusan rabi sun tsage. Wasu ma sai bayan kwana biyu, an riga an shirya su a zare, sai a ji ƙas. Wasu kuma suna kama jikin tandar, ba sa fita sai an fasa ta. Launin ma ba ya fita: kwalaben koraye ne da farare, amma abin da ake samu toka-toka ne da ɗige-ɗigen baƙi.

Ga yadda muke yi. Kwalaben lemo, na magani da fasasshen gilashin taga muke haɗawa mu daka a turmin ƙarfe, mu tankaɗe, mu soka tsinken ganyen rogo a tsakiyar kowane gurbi, mu cika da gari. Murhun na laka ne, da itace muke hurawa. Da mun ga sun yi ja sai mu janyo tandar mu ajiye a ƙasa ta huce. Girman dutsen bai wuce ƙwayar gurjiya ba, carbi da jigida muke son yi da su. Allah ya saka da alheri.

Mai Tanda (Kura):

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Amsar tsagewar tana cikin bayaninki: gilashi iri uku a turmi ɗaya, sannan a fito da tanda tana ja a dire ta a ƙasa. Ko ɗaya daga cikin biyun ya isa ya ɓata aikin.

A ido gilashi duk ɗaya ne, amma kowanne da haɗinsa. In ya sha wuta yana buɗewa, in ya huce yana tsukewa, kuma na taga da na kwalba ba sa tsukewa daidai. In suka narke suka haɗu a dutse ɗaya, wannan yana ja wancan yana turjewa, dole a tsage. Saboda haka kowane daka ya zama kwalba iri ɗaya, launi ɗaya, in da hali ta kamfani ɗaya. Ki gaya wa 'yan bola jari su ware miki tun daga can, koraye daban, farare daban, masu ruwan ƙasa irin na maganin tari daban. Ƙananan kwalaben allura na asibiti ki bar su gaba ɗaya, yawancinsu gilashi ne mai jure wuta, murhun itace ba ya narkar da shi yadda ake so, sai ya zauna a cikin dutsen kamar tsakuwa a tuwo, kuma daga nan tsaga take farawa. Haka dogon ƙwan lantarki fari, akwai zaiba a cikinsa. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya akwai dalma. Madubi bayansa fenti ne, gilashin gaban mota kuma akwai leda a tsakiyarsa.

A jiƙa kwalaben kwana ɗaya, a kankare takarda da gam, a cire zoben ƙarfen wuya. Duk wani maiƙo ko takarda da ta rage, baƙi za ta zama a wuta. Kafin daka, a sa su a garwashi su yi zafi sosai, a ɗauko da awartaki a tsoma a bokitin ruwa. Za su tsattsage su koma kamar ƙanƙara, dakan ya zo da sauƙi, turmin ma ba zai ci ba sosai. A shanya su bushe.

Ɗige-ɗigen baƙin nan, turminki ne. Gilashi yana kankare ƙarfe, ɓurɓushin ya shiga garin. Ki samu maganaɗisun tsohuwar lasifika, ki sa shi a leda, ki baza garin a tire ki bi kansa sau uku. In kin zare maganaɗisun daga ledar sai ƙarfen ya zube, za ki sha mamakin yawansa. Turmin da ya fi dacewa guntun bututun ƙarfe ne mai faɗin santimita 10 da aka yi wa gindi da walda, a rufe bakinsa da tsumma taɓarya ta bi ta tsakiya. Kuma wannan turmi da rariyar sun bar madafa ke nan har abada.

A tankaɗe kashi biyu: gari mai laushi, da tsaki kamar ƙwayar sukari. Abin da ya fi haka a mayar turmi. Garin zalla yana ba da dutse mai duhu wanda haske ba ya ratsawa, launinsa kuma ya kan koɗe saboda iskar da ke maƙale tsakanin ƙwayoyin. Tsaki yana ba da haske da launi mai ƙarfi, amma yana son wuta fiye da gari. Na carbi, gwangwani 2 na gari da 1 na tsaki yana yin kyau.

Tanda kuma. Yumɓu kashi 2, dakakken tsingaro kashi 1, a kwaɓa da tauri. Faɗinta kamar tafin hannu da yatsu, kauri santimita 3. A sassaƙa ɗan itace mai siffar dutsen, da ɗan tsini a ƙarshensa, a riƙa danna shi a ɗanyen yumɓun: jikin itacen ya ba da gurbi, tsinin ya ba da ramin da tsinken rogo zai tsaya. Bakin gurbi ya ɗan fi gindinsa faɗi, kamar na tandar waina. In gindi ya fi baki faɗi ko da kaɗan, dutse ba zai fito ba ko me aka shafa. A bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin gurabe. A shanya a inuwa kwana 5 zuwa 7, a gasa ta ita kaɗai tukuna, sannan a fara aiki da ita.

Mannewar kuwa, ban ga kin ambaci farar ƙasa ba, kuma ita ce maganin. A dama ta da ruwa kamar koko mai ruwa-ruwa, a tace, a shafa a gurabe sau 2 ko 3, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Kafin kowane gashi a sabunta. Farar ƙasar ainihi ake so, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta Katsina da Alkaleri ta Bauchi, ba alli ba, ba kuma farar hodar da ake shafe ɗaki da ita ba. In an shafa amma har yanzu yana kamawa, wuta ce ta yi yawa.

Tsinken rogon ya bushe ƙayau. Ɗanye yana fitar da tururi ya kumbura garin, rami ya fito a karkace. In babu rogo, tsinken gamba mai kauri yana yi. A cika gurbi, a bubbuga tandar garin ya zauna, a ƙara har ya yi ɗan tozo, domin in ya narke yana sauka kusan sulusi. A share garin da ya zuba tsakanin gurabe da gashin kaza, in ba haka ba duwatsun su haɗe da juna.

Toka-tokan launi hayaƙi ne. Garin gilashi yana shan hayaƙi kamar auduga, in ya narke ya rufe a kansa shi ke nan. Kada tanda ta shiga sai murhu ya ci wuta kamar awa ɗaya, cikinsa ya yi ja, baƙin jikin bango ya ƙone, hayaƙi ya ɗauke. Itace busasshe, a faskara shi sirara, a riƙa sa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Tandar ta fara zama a bakin murhu minti 10 zuwa 15 ta ɗumama, sannan a tura ciki. Daga minti 20 a fara leƙawa. Yin ja ba shi ne nuna ba. Alamar nuna ita ce garin ya sauka, fuskarsa ta bar kamannin yashi ta yi sheƙi kamar alewa ta fara narkewa, gefuna sun lanƙwashe. Yawanci tsakanin minti 20 da 40 ne, gwargwadon murhu. In an yi gaggawa, dutsen zai marmashe da farce. In an wuce, rami ya toshe, dutse ya baje.

Sai hucewa. A ajiye tsohuwar tukunya cike da toka a jikin murhu ta yi zafi tun farkon aiki. Tanda tana fitowa a binne ta duka a tokar, a rufe, kada a taɓa sai da safe. Tokar ƙaiƙayin shinkafa ta fi, ba ta da nauyi kuma tana riƙe zafi, ga shi ba wahalar samu take ba a wajen masu casa. Gashin ƙarshe kuma a bar shi a ciki, a janye itace, a toshe baki da ramin hayaƙi da bulo da laka. Mutanen Krobo na Gana, da suka yi suna a wannan aikin, da ƙasar suri suke gina murhunsu, su jera sifirin mota a ciki a ɗora tanda. Ki yi haka, ki cuɗa ƙasar da ƙaiƙayi, kaurin bango ya kai rabin taƙi ko fiye. Bakin murhu kada ya kalli arewa maso gabas, ta nan iskar hunturu take zuwa, kuma ita kaɗai ta isa ta fasa dutse tsakanin murhu da tukunya.

Malamin Kimiyya (Birnin Kudu):

Allah ya ƙara basira, Malam Mai Tanda. Ƙari ne da ɗan gyara a kan batun toka.

Toka tana rage saurin hucewa, kuma ga dutsen da bai wuce milimita 10 ba sau da yawa ta wadatar. Amma ba ta cire abin da ke fasa dutse bayan kwana biyu. Abin da ke faruwa shi ne, bayan dutsen yana riga cikinsa daskarewa. Cikin yana ci gaba da tsukewa, bayan kuma ya riga ya tsaya, sai dutsen ya kasance a ɗame kamar fatar ganga. Ido ba ya gani. Ranar da ya ɗan bugu ko ya ji sanyin asuba sai ya saki.

Gilashin kwalba yana fara laushi a wajen digiri 720 na ma'aunin Salshiyas, garinsa kuma yana haɗewa tsakanin 750 da 850. Wurin da wannan ɗamewar take saki shi ne wajen digiri 550. A nan gilashin bai yi laushin da zai sauya siffa ba, amma cikinsa yana iya daidaita. In ya sauka ƙasa da 500 ƙofa ta rufe, abin da ya rage a ciki ya zauna ke nan. Saboda haka aikin shi ne a riƙe shi a wajen 550 na minti 20 zuwa 30, sannan ya sauka a hankali, digiri 2 zuwa 3 a minti, har wajen 400. Daga nan ba a cika samun matsala ba muddin iska ba ta buge shi ba. Tukunyar toka ba ta kai 550, shi ya sa na fi son a mayar da duk duwatsun ranar cikin murhu a ƙarshen aiki: a fara ɗumama su sannu a baki, a tura ciki, a riƙe da 'yar wuta rabin awa, a toshe a tafi.

Yadda za a gane 550 ba tare da na'ura ba: shi ne jan da ba a gani da rana, sai da duhu, ja mai rauni kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Wannan ya sa gashin yamma ya fi, a ƙare bayan magariba. Sauran matakan ma akwai shaidu masu arha. Guntun fasasshiyar tukunyar alminiyam yana narkewa a wajen 660. Gishirin miya yana narkewa a 801. A sa ɗan gishiri a kan tsingaro a gefen tanda, ba a jikinta ba. Ya zama ruwa, to an shiga zafin gashi. Wanda yake da hali ya sayi ma'aunin zafi mai waya da ake sokawa ta bango, irin mai harafin K, yana kaiwa sama da 1000.

Batun haɗa gilashi kuma, akwai lamba da ake auna buɗewar kowanne da ita. Na kwalba yana wajen 85 zuwa 90, na ɗakin gwaje-gwaje 33, sandunan gilashin Italiya da masu narka gilashi a harshen wuta suke amfani da su 104. In ana shakkar kwalba biyu, a ɗauki siririn yanki daga kowacce, girma ɗaya, a narkar da su gefe da gefe su manne, a ja su zama zare mai tsawon kamu ɗaya, a riƙe a tsaye ya huce. Ya miƙe, za su zauna lafiya. Ya lanƙwashe kamar baka, a raba su. Dutse mai haske kuma ana iya duba cikinsa: a buɗe farin shafi a allon kwamfuta, a kalle shi ta tabarau irin mai kashe ƙyalli na direbobi, a juya tabarau har allon ya yi baƙi, sannan a sa dutsen a tsakani. In ya haskaka da zane-zanen fari, ɗamewar tana nan. A dutsen gari zalla wannan ba ya aiki, don haske ba ya ratsa shi.

Ƙurar daka kuma ba abin wasa ba ce, huhu take zama. A daka a waje, iska tana bayan mai daka, da takunkumi mai tace ƙura, ba ƙyalle ba. A yayyafa ruwa kafin shara. Yara da kaji su yi nisa.

Baba Maƙeri (Wudil):

'Yata, duk abin da suka faɗa gaskiya ne, amma in carbi kike so mai haske kamar ruwa, gari ba zai ba ki ba ko shekara kika yi kina tankaɗe. Dutsen gari dutsen gari ne, kyansa daban. Mai haske naɗa shi ake yi a kan ƙarfe, yadda Masaga, Nufawa masu aikin gilashi na Bida, suke yi. Su Nufawan nan a da da yashi da kanwa suke dafa gilashinsu, yanzu kwalba suke narkarwa, su zauna kewaye da murhu da zugazugi, kowa da sandarsa ta ƙarfe, su naɗa dutse da awarwaro.

Wannan yana son wuta fiye da ta gari, sai ta kai ruwan lemo mai haske zuwa rawaya, wato 1000 da ɗoriya a lissafin Malam. Gawayin ƙirya da zugazugi suna kaiwa. Amma kada a kanga gilashi kai tsaye a kan gawayi, toka za ta tashi ta manne. A gina ɗan murhu kamar kifaffiyar tukunya, iska ta shiga ta ƙasa, a bar rami a sama kamar bakin kofi. A harshen da ke fitowa ta ramin ake aiki.

Sanda biyu ake so. Ɗaya mai kauri ta ɗaukar gilashi, ɗaya siririya ta naɗi, kaurin milimita 2 zuwa 3, tsawon taƙi biyu, da ƙota ta itace. Ƙarfe marar tsatsa ya fi. Wayar ƙafar keke tana yi in ba mai rufin tutiya ba ce, mai rufin tana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi. A tsoma kan siririyar a damammiyar farar ƙasa, wannan karon da kauri kamar kunu, a soke su a yashi su kwana. In rufin ya tsage ko ya ɓare, a ajiye sandar, domin inda gilashi ya taɓa tsiraicin ƙarfe ba ya sakinsa.

Fasasshiyar kwalba ba a jefa ta wuta da sanyinta, tartsatsi za ta yi har fuska. A jera ta a gefen ramin ta ɗumama. A gasa kan sanda mai kauri ya yi ja, a manna yanki, a juya har ya dunƙule kamar ƙwallon madi. A gasa siririyar ita ma ta yi ja, don gilashi ba ya kama sanyi. A taɓa, a murza siririyar, gilashin ya naɗu da kansa. Kada a ja, ja yana ɓare farar ƙasa. Naɗin farko shi ne tsawon dutsen, a yi shi siriri, sauran a hau kansa, ta haka bakin rami zai lotsa ciki. In aka fara da faɗi, bakin yana fitowa da kaifi ya yanke zare. Hannu kada ya tsaya, sanda kuma a kwance, ta karkata dutse ya yi ciki ɗaya. Gilashin kwalba don inji aka haɗa shi, yana saurin daskarewa, don haka abin da za a yi a yi shi a cikin wuta. In aka daɗe ana gasa shi kuma, fuskarsa ta yi fari-fari kamar kirci.

An gama, a ɗaga sama da harshen ana juyawa har jan ya ɗauke, sannan a soka a toka mai zafi. An sa da ja, toka ta kama jikinsa. An jira da yawa, ya tsage. Washegari a jiƙa sandunan a ruwa, a riƙe da filaya a murɗa dutsen ya fita.

Wutar kabayid ta masu walda ba ta yi, tana baƙanta gilashi ta tafasa shi. Ido kuma a sa gilashin walda mai lamba 3 zuwa 5, baƙin tabarau na kasuwa yaudara ne. A rumfa ake wannan aikin, ba a zaure a rufe ba, hayaƙin gawayi ba ya wari amma yana kisa. Tufafi na auduga, ban da yadin leda.

Ƙanwar Magina (Ringim):

Na gode Baba, na gode Malamai. Za mu fara gyara na garin tukuna kafin mu taɓa naɗi. Tambaya biyu: tunda Nufawa a da suna sa kanwa, in mun barbaɗa ta a garin ba zai rage cin itace ba? Sannan shuɗi da ja fa, me ake sawa? An ce mana a gwada baba ko galura ko kwalli.

Malamin Kimiyya (Birnin Kudu):

Kanwa a'a, 'yar'uwa. Su a da, da yashi suke haɗa ta, su dafa ta tsawon lokaci a wuta mai ƙarfi har ta shige jikin gilashin. Kwalba ta riga ta sami nata rabon tun daga masana'anta. In kin ƙara a gari, a zafin 800 kumfa za ta yi ta bar ramuka, kuma dutsen in ya ji gumi ko danshin damina sai ya riƙa fitar da fari yana dushewa. Rage cin itace daga kaurin bango ne da busasshen itace da ƙaramin baki.

Baban rini, galura, lalle, fenti, duk ƙonewa suke tun kafin gilashi ya yi laushi, abin da za su bari baƙi ne. Kwalli na dutse kuwa dalma ce a cikinsa, kada ya kusanci abin da za a ɗaura a jiki. Launin gilashi daga ma'adinai yake: kore daga ƙarfe da kuromiyam, ruwan ƙasa daga ƙarfe da farar wuta, shuɗi mai duhu daga kobal, shuɗi mai ruwan sama daga jan ƙarfe. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi kwalbar da ta zo da launinta. Shuɗiyar kwalba ko an cakuɗa ta da fara kashi 1 cikin 4 tana nuna kanta, in gwajin zare ya nuna sun dace. Ja shi ne mai wuya, kwalabe da yawa da ake gani ja fenti ne a bayansu, a kankara da wuƙa a gani. Sai dai hodar launi ta masu tangaran, wadda aka yi don wuta: a fara da ƙaramin cokali 1 a gwangwanin madara na gari, a gasa gurbi biyu a duba. Ko a daka tsofaffin fasassun duwatsun wuya na gilashi, a dama garin da ruwan ƙaro, a zana a bayan dutsen da tsinke a sake gasawa. Matan Kiffa a Muritaniya da irin wannan damun suke zana nasu. Zanen ya zama siriri, don gilashi ne baƙo, in ya yi kauri ɓarewa zai yi. Ƙaron dakwara kuwa Jigawa ba ta rasa shi ba.

Hajiya Mai Jigida (Ɗambatta):

Sannunku da ƙoƙari. Ƙanwata, ba a taɓa maganar gyara bayan gashi ba, kuma a nan mai saye yake duba.

Dutsen gari yana fitowa da farar ƙasa a jiki da kaifi a fuskar da ta kalli sama. A shirya kamar 20 a waya, a zuba yashi mai laushi da ruwa a kan dutsen niƙa, a riƙa murza su gaba da baya har su yi sumul. Fuskokin biyu a goga su ɗaya-ɗaya. Kullum da ruwa, ba a gogar gilashi a bushe. Ramin a bi shi da waya a cikin ruwa har farin ya daina fita, sannan a ɗan murza bakinsa da tsinin dutsen wasa wuƙa. A gwada da zaren auduga: a zura a ja sau 20, in ya yi gashi ramin bai gyaru ba. Na jigida ma ya fi son wannan kulawa, tunda fata yake taɓawa, a shafa shi a bayan hannu a ji. In sun bushe a murza ɗigon man kaɗanya a tafi a shafa, launi zai fito.

Gurjiya ta yi wa carbi mai 99 girma. Dutse mai milimita 10 ya haura giram 1, in an jera 99 an wuce giram 100, aljihu zai gaji. Milimita 8 nauyinsa kusan rabin haka ne, shi ya fi. Mai 10 a bar wa carbi mai 33. Jigida kuma 5 zuwa 6. A huda ramuka uku masu girma daban a murfin gwangwani a riƙa tace su, don yatsa yana jin dutsen da ya fita daban tun kafin ido ya gani. Ramin kada ya gaza milimita 2 in zaren nailan za a ninka biyu.

Kada a shirya su ranar da suka fito. A zuba a kwano a bar su mako guda, a girgiza kwanon safe da yamma, sannan a zuba musu ruwan ɗumi, a tsiyaye, a bi da na randa. Mai niyyar tsagewa a nan zai tsage. Fasassun a ware su bisa launi a koma da su turmi.